Bawa da kwalaben da suka ci masa ido

Shekara tara ke nan da muka binne Bawa a wata maƙabarta da ke bayan birnin Paris, mu ƴan kaɗan, cikin yayyafi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin na san yadda wasu za su yamutsa fuska da zarar sun ji abin da ya sa a gaba. Bana na ga in ban rubuta ba, babu mai rubutawa.

Bawa mutumin wani ƙauye ne kusa da Dogon Dutsi. Mun haɗu a Vénissieux, gefen Lyon, farkon shekarun dubu biyu, a wani babban sito inda yake tuƙa motar ɗaga kaya, ni kuma ina ɗaure kwalaye. Bene ɗaya muke a unguwar Minguettes. Sallarsa sai ranar idi, amma shi ne mai buga mini ƙofa da kwanon tuwo in an sha ruwa da azumi. Uwarsa giyar dawa take dafawa a ƙauye, da ita ta rene su. Ta rasu yana nan, takardunsa na zama ba su fito ba, bai samu zuwa ba. Bayan haka ne ya fara dafa giya a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene.

Na yi masa faɗa, ya saurare ni har na gama.

"Malam Idi, ba maye nake nema ba," in ji shi. "Ƙamshin tsakar gidanmu nake nema. In na same shi sau ɗaya, na bari."

Ban taɓa kai ta bakina ba, bai kuma taɓa miƙo mini ba. Amma na ga wahalarsa da idona. Yakan sayo dawa a shagon ƴan Afirka, ya jiƙa, ya shimfiɗa kan buhu har ta tsira, ya shanya bisa ƙarfen ɗumama ɗaki, ya niƙa, ya tafasa, ya juye a bokitin roba. Sai jira. Wani lokaci farar yana ta rufe saman, wani lokaci tsami ya yi yawa har ya tsaya a maƙogwaro, akwai ma wadda ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya zargi ruwan Lyon, ya zargi sanyi, ya zargi dawar. Ya wanke komai da ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, har tafin hannunsa ya tsage. Da aka ce masa ƙwayoyin cuta kan ɓuya a ƙarzunan tsohuwar roba, ya jefar da bokitin ya sayo sabo.

In kuwa ta ɗan yi kyau, sai tsoron kada ta lalace ya sa ya yi saurin ɗura ta a kwalabe, ya ƙara sukari, ya toshe. Nan ne masifar take. Wata in ya buɗe, kumfa ta yi tsiri har rufi, ta bar shi da kwalba fanko a hannu. Wata ba ta ma jiran a buɗe ta. Matarsa Ladi ta hana ƴarsu Asabe sauka wurin, ta roƙe shi, ta yi fushi, ta gaji.

Wata Lahadi da rana, a bazarar da zafi ya yi tsanani, ya sauka don ya mai da kwalaben wuri mai sanyi. Ɗaya ta tarwatse a hannunsa. Ni na riƙe shi a motar asibiti, tawul a fuskarsa ya jiƙe jawur. Likitoci sun yi abin da za su iya, idon dama bai dawo ba. Likitan wurin aiki ya ce mai ido ɗaya ba zai tuƙa motar ɗaga kaya ba, aikin ya tafi ke nan. Suka koma La Courneuve, gefen Paris, wajen dangin Ladi, ya shiga dakon akwatunan kifi a kasuwar Rungis. Sanyin wurin ya kama masa ƙirji, ya yi ta cinsa har ya kai shi ƙasa. Ranar rasuwar wasu suka yi ta jan ƙafa kan wankan gawar saboda zancen giyar, sai wani dattijo ɗan Damagaram ya tashi ya naɗe hannun riga.

"Ku kawo ruwa mu wanke ɗan'uwanmu," ya ce. "Hisabi ba a hannunmu yake ba."

Yanzu a Paris shagunan kayan dafa giya a gida sun yi yawa. Kwanan baya na tsaya gaban ɗaya na daɗe, sannan na shiga, da hulata da furfurata. Na kwashe labarin na faɗa wa mai shagon. Ya nuna mini wani ɗan ma'auni na gilashi da ke gaya wa mutum ko giya ta gama tashi. Ya ce abokina yana toshe ta tun tana aiki, ga ƙarin sukari, ga wasu ƙwayoyin yisti daga iska da ke ci gaba da ci a cikin kwalba, dole gilashi ya fashe. Ya ƙara da cewa irin waccan giyar ta dawa ba a yi ta don kwalba ba, daga tukunya ake shan ta tun tana motsi, tsamin ma nata ne.

Na fito ina tambayar kaina me Bawa zai ce. Wataƙila ya yi dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa. Wataƙila kuma ya dafe kai, in ya gane cewa cikin waɗanda ya zubar a magudana yana ɓacin rai akwai wadda ta yi daidai da ta uwarsa. Bayanin da zai ceto masa ido bai ɗauki mai shagon lokacin shan shayi ba. A wancan zamani babu wanda Bawa zai tambaya: mu muna ƙyamar zancen, Turawa kuma ba su san dawa ba.

Me ya rage? Ladi ta koma gida ta sake aure. Asabe na aiki a Marseille, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, kuma abin da take tunawa na ubanta mutum ne mai tari da baƙin tabarau. Kabarin ma a nan na wa'adi ne, baɗi zai cika, in ba a sabunta ba a kwashe ƙasusuwan a ba wani wurin. Na buga wa Asabe waya kan haka, ta ce za ta duba. Har yau ba ta kira ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, Allah ya gafarta masa ya yi masa rahama. Ban san wani mai ambaton sunansa ba bayan ni, ni kuwa gwiwoyina sun fara ƙin hawa bene.