Shaidar Mai Doya

Shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, ni ne mai jera fayil. Manyan motoci suka juye mana takardu ɗaure da igiya kamar dammunan dawa, ni kuwa kallo ɗaya nake yi wa tari in san inda kowace za ta zauna. Ɗaki ɗaya aka ba ni a Kubwa. Iyalina suna Zariya, ban ɗauko su ba tukuna.

Wata safiya bas ɗin da ke kai mu aiki ta kife. Kwana tara ban san wanda ke kaina ba. Da aka sallame ni, ofis suka ce sai likita ya sa hannu cewa zan iya aikina, in ba haka ba a yi mini ritaya.

Likitan ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi. Me zan ce? Mu ko ranga-ranga aka ɗauko mutum, da sauƙi zai ce. Ya zube katuna a tebur, ya ce in ware su ta launi, in ya ƙwanƙwasa tebur in koma ware su ta siffa. Raina ya ɓaci. Ni da na jera takardun ma'aikata guda, a ba ni wasan yara? Da na gama ya ce yaya na ga na yi, na ce ko kuskure ɗaya babu. Ya daɗe yana rubutu.

"Malam," in ji shi, "kawo mini wanda ya san ka kafin haɗarin, yake kuma ganinka kullum."

To, a nan gizo ke saƙa. Abokan aikina leƙowa suke yi su ce na warware sarai, su gudu kada mota ta bar su. Maƙwabtana duk baƙi ne irina. Na zauna a bakin katifa na yi ta laluben mutum ɗaya, babu. Kaɗaici bai taɓa cina kamar ranar ba.

A ƙarshe na roƙi wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai kasa doya a bakin layinmu, wadda ban taɓa tambayar sunanta ba. Ta sauke kayanta daga kafaɗa, don su ba sa ɗauka a ka, ta biyo ni asibiti.

Na ɗauka kara za ta yi mini. Ina!

"Likita, oga ba kamar da ba. Da yana zuwa sau ɗaya, ya ɗauki doya ya tafi. Yanzu sau uku yana gaishe ni da safe. Ya saya doya, ya manta shi a wurina. In na faɗa, ya yi faɗa."

Na ce ƙarya take yi mini, har da buga tebur. A mota ban dubi inda take ba har muka sauka.

Ina buɗe ƙofata ƙauri ya tare ni. Tukunyar da na ɗora a risho da safe ta yi baƙi ƙirin, kananzir ya ƙare, wutar ta mutu da kanta. Ban ma tuna na ɗora ta ba. Na daɗe tsaye riƙe da marfin, sannan na koma bakin layi na ce, "Mama, ki yi haƙuri."

"Ba komai, oga. Mu kai ba ya ɗaukan kaya, shi ne sarki. Naka ya ɗauka da yawa, ka bar shi ya huta."

Ba a yi mini ritaya ba, amma jeran fayil ya bar hannuna, aka mai da ni buga hatimi. Da na koma asibiti, likita ya ce, "Malam, ya jiki?" Bakina har ya buɗe da amsar da na saba. Na haɗiye ta, na waiwaya inda dattijuwar ke zaune a benci.

Na ce, "Likita, tambaye ta."