Kyaftin Rasim a Filin Dawakai

Rasim ɗan wani ƙauye ne kusa da Ganja, a ƙasar Azarbaijan. Gyaran injin noma ya koya, bai taɓa mafarkin kaki ba. Da yaƙin Karabak ya yi zafi a 1992, aka lura hannunsa ba ya rawa, sai aka sa shi cikin masu tono nakiyoyin da aka binne a ƙasa. Kafin shekara biyu ya zama kyaftin, da mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Goma ya mayar wa iyayensu. Ɗayan, mai suna Tural, taku ɗaya kawai ya kauce daga layi, nakiya ta tashi da shi.

Daga baya Rasim ya biyo 'yarsa ƙasar waje, birnin Greensboro, ya shekara goma sha biyu yana gyaran kekunan ɗinki, har ciwon mantuwa ya zaunar da shi a gidanta da ke Summerfield, a wajen birnin. Nan aka ɗauko Rahina, Bazazzagiya mai jinyar tsofaffi, tana wuni da shi.

Wata Laraba da hantsi ta fito daga kicin da shayinsa, ta tarar kujera wayam, ƙofar baya a buɗe. Can ta hango shi tsakiyar filin dawakan maƙwabta, tsaye ƙiƙam, ƙafa ɗaya a gaba. Ta tsallake shinge a guje, ko takalmi babu.

"Tsaya nan!" ya daka mata tsawa, da muryar da ba ta san shi da ita ba. "Kada ka motsa, Tural!"

Ta ƙame. A bayansa wani ƙaton ingarma ya kwantar da kunnuwa yana kartar ƙasa. Wayarta na kan tebur a gida. In ta ruga, dokin zai zabura. In ta ce babu nakiya, tsohon ba zai yarda ba.

"Na tsaya, Kyaftin," ta ce. "Ta ina zan bi?"

"Ni zan zo. Inda na taka, nan za ka taka."

Ya durƙusa yana laluben ciyawa da yatsu, ya matso kaɗan, ya sake lalube. Dokin ya biyo shi yana huci a ƙeyarsa. Rahina sai salati take a zuci. Sun fi minti ashirin a haka kafin ya kama wuyan hannunta, ya ja ta sannu a hankali har bakin shinge. Nan ya dube ta da mamaki.

"Rahina? Ina takalmanki?"

"Na manta su, Baba. Mu je gida."

Wata bakwai ya ƙara a duniya, tana jinyarsa. Ranar da ya rasu ba shi da dangi namiji a garin, sai Salissou, mijin Rahina, ya kira mutanen masallacinsu. Su suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka kai shi makwanci.