Saniyar Bube a Gidan Malam Almu

Duk wanda ya yi kiwo tsakanin Tambuwal da Kebbe a shekarun nan, in bai san Malam Almu malamin dabbobi ba, to shanunsa sun san shi. Gajere ne mai ƙatuwar murya, hularsa kullum a karkace. A Sanyinna aka haife shi, gidan malamai. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a buzu, shi kuwa in aka neme shi a makaranta aka rasa, sai a garken maƙwabta. Tsohon ya yi faɗa har ya gaji, daga ƙarshe ya ce je ka, dabba ma halittar Allah ce. Haka Almu ya yi karatun aikin dabbobi, ya shekara talatin da biyar yana bin ƙauyuka da rugage da allura a jaka, da farko a kan keke, daga baya a kan wani babur da ba ya tashi sai an tura.

Masu ilimi da yawa sun zo ƙasar nan sun wuce, ba wanda ya riƙe sunansu. Shi Almu hali ne ya ɗaure shi a zukatan makiyaya. Ba ya ce wa mutum ya sayi magani sai ya fara ɗura wa dabbar gidansa. Awakinsa sun sha magani a duniyar nan, har matarsa kan ce su ne suka fi kowa wahala a aikin gwamnati, ga shi ba albashi. In Almu ya ce na gwada da hannuna, to magana ta ƙare, mutum zai kwance bakin aljihu ba tambaya.

Cikin duk waɗannan mutane, amininsa ɗaya ne, Bube, wani dogon manomi mai shanu a gefen Fakku, wanda sai ya yini bai yi magana goma ba. Tun suna samari suka haɗu, shekarar da ciwon huhu ya faɗa garken uban Bube, Almu ya kwana tara a wurin bai ko sauya riga ba. Bube bai taɓa yi masa godiya da baki ba. Sai da Almu ya ajiye aiki, wata safiya ya ji sallama, ya fito ya tarar da Bube riƙe da igiyar wata farar karsana. Haɓɓanaye ce ya kawo masa, wato saniyar aro ta zumunci, wadda mai shanu kan ba wanda yake ƙauna ya kiwata, 'ya'yan da ta haifa su zama na mai kiwon. Sunanta Gudale. Almu ya karɓi igiyar da hannu biyu.

Zaman gida bai karɓi Almu ba. 'Yarsa Zahara'u, mai karatun aikin jinya, ita ta ga yana neman ya rame don rashin abin yi, ta buɗe masa zaure a Wasaf, ta koya masa danna wurin magana. Ai kuwa sai aka sako ruwa. Kowace safiya Malam Almu na ƙarƙashin darbejiya yana yi wa waya ihu, yau maganar kaska, gobe ta ɓari. Makiyaya ba ruwansu da karatun rubutu, amma murya kam sun gane ta. Saƙon kan bi daga waya zuwa waya, wanda ba shi da data ya je wurin mai caji a tura masa. Kafin shekara biyu, muryar Almu ta kai inda baburinsa bai taɓa zuwa ba.

To, inda aka ga jama'a, nan mai talla yake sauka. Wani saurayi ya zo daga birni, Abdulganiyyu, fes da shi, bakinsa kamar an shafa zuma, wakilin wani kamfani mai sayar da magungunan dabbobi ta waya. Ya durƙusa har ƙasa, Baba Likita sama, Baba Likita ƙasa. Tsarin mai sauƙi ne. Za a ba Almu wata lamba tasa. Duk wanda ya yi oda ya faɗi lambar, za a yi masa ragi, shi kuma Almu a turo masa la'ada a asusunsa.

Ni dai ban ga laifin la'ada ba. Dillali a kara yana karɓar tasa a gaban mai saye da mai sayarwa, kowa ya sani, ba wanda ya ce ya ci haram. Amma Almu ya ji nauyin a ce malamin dabbobi guda ya koma dillali. Ya tambayi yaron ko sai ya faɗa wa mutane. Yaron ya yi dariya ya ce a'a, Baba, ai ba a faɗi. Almu ya so jin haka, don haka ya yarda. A zaure ya ce ya samo wa jama'a ragi ne, ya yi shiru a nan.

Kayan farko masu kyau ne, gaskiya. Gishirin lasa da maganin kaska, duk ya gwada, duk sun yi. Waya ta fara ƙara da rana tsaka, alat na shigowa. Ya sauya kwanon ɗaki, ya gyara babur har ya daina bukatar turi.

Da damina ta ja baya, lokacin da shanun da suka yi kiwo a fadama ke bukatar maganin ciwon hanta, kamfani ya kawo wani sabo. Abdulganiyyu ya ce na wannan la'adar ninki biyu ce, amma mako ɗaya kacal ne, daga nan an rufe. Gwajin maganin hanta kuwa ba na mako ɗaya ba ne. Almu ya buɗe kwalba, ya girgiza, ya kai hanci. Ruwa-ruwa ne, ba kauri, ba kuma wannan wari mai sa saniya ta fizge kai. Shekara talatin da biyar ba wasa ba, hancinsa ya gaya masa gaskiya. Yaron ya ce ai sabon haɗi ne na zamani.

Da zan iya ce muku yunwa ce ta sa shi, da na ji sauƙi. Wallahi akwai gero a rumbunsa. Daɗin ƙarar wayar nan ne kawai, da ya riga ya shiga masa jiki. Ya zauna ƙarƙashin darbejiya, ya gyara murya, ya danna.

"Jama'a, ga maganin hanta ya zo. Na gwada da hannuna, na ba ta gidana. Ku faɗi lambata a rage muku."

Da la'asar ɗin ranar ya hau babur ya je tsohon shagon da ya saba, ya sayo tsohon maganin, ya ɗura wa Gudale da 'yan maruƙanta biyu. Ya ce a ransa ita amana ce, ba a wasa da amana. Bai tsaya ya tuna da shanu ashirin da shida da ke garken mai amanar ba. Can Fakku kuwa, Bube ya ji muryar amininsa a wayar ƙanensa, ya sayar da buhun wake biyu, ya yi oda ta garke duka.

Maganin ba guba ba ne, da guba ne ma da an gane da wuri. Ba komai ba ne, ruwa ne da farin gari. Shanu suka shiga rani da tsutsa a hanta, masu su na ganin an gama da wannan. Sai ƙasan haɓa ya fara kumbura, sai zawo, sai haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa. Wayar Almu ta koma ƙara, amma ba irin waccan ba. Wani mahauci a Tambuwal ya kira shi gefe ya nuna masa hanta, ya tsaga ta da wuƙa, tsutsa na motsi a ciki. Almu ya kira Abdulganiyyu, yaron ya ce za a bincika. Kira na uku wayar a kashe.

Zahara'u ta ce, Baba, ka faɗa musu. Ya faɗa, amma rabi. Ya ce a daina sabon, a koma tsohon da gaggawa, an cuce mu duka. Wannan "mu" ɗin ta tsaya wa yarinyar a wuya, ta dube shi, ta tashi ta shiga ɗaki. Ita ta riƙe masa kan Gudale ranar da ya ɗura mata tsohon maganin.

Mutane sun kira, wasu da zagi, wasu da kuka. Bube bai kira ba. A bakin wani ɗan acaɓa Almu ya ji cewa shanu goma sha ɗaya sun faɗi a garkensa, har da uwar Gudale. Shirun nan ya fi zagi cin Almu. A al'ada, haɓɓanaye ba ta komawa sai ta haihu sau uku, Gudale kuwa biyu ta yi. Almu ya ce ba zai jira ba. Ya ɗauki shatar a-kori-kura, ya loda ta da maruƙan duka, zai mai da wa Bube ko garke ya ɗan farfaɗo. Inda hanya ta gagari mota ya sauke su, ya ja igiya da ƙafa.

Ya tarar da Bube a bakin garke yana ba wata saniya dusa a tafin hannu, don ba ta iya tashi. Suka gaisa kamar kullum, aka tambayi gida da iyali. Almu ya fara jaje, ya ce ga Gudale ya kawo, da 'ya'yanta. Bube bai dube shi ba, Gudale yake kallo. Ta tsaya a tsakiyar 'yan uwanta ƙasusuwa, ita ko sumul, fata na sheƙi, tozo a miƙe. Ya zagaya ta a hankali, ya shafa ƙasan haɓarta, ya buɗe mata ido ya duba. Sai a lokacin Almu ya gane abin da ya jawo da hannunsa tun daga Tambuwal.

"Almu, wanga magani, ita ma shi ta sha?"

Ƙaryar tana nan a bakinsa, a shirye. Ya kasa.

"A'a. Tsohon na ba ta."

"Masu sabon kuma sun biya ka?"

"Sun biya."

Bube ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, bai ce Allah ya isa ba. Ya ɗauko ruwa ya shayar da Gudale da maruƙan, ya kawo wa baƙonsa fura a ƙwarya, ya zauna har ya ga ya kurɓa. Sannan ya tattara igiyar ya sa masa a hannu.

"Haihuwa biyu ta yi, saura ɗaya. Ni ba ni tada maganata. Mai da ta. Wurinka ta fi tsira, kai ka san abin da kaka ba naka."

Almu ya juyo da shanu uku a bayansa, dattijo guda yana kuka a kan hanya, masu babur na rage gudu suna kallo. Da ya iso gida ya danna waya ya faɗi komai, la'adar da ƙaryar, bai rage ba. Wasu sun fita daga zauren, wasu sun ce Allah ya yafe mu. Daga Fakku ba abin da ya zo, sai dai in sun haɗu ran kasuwa Bube ya ba shi hannu, ya tambayi lafiyar saniya, ya wuce.

Yanzu Gudale tana da ciki wata bakwai. Almu ne ke yanko mata ciyawa da kansa, yana shafa cikin yana ƙirga kwanaki. Kowane mai saniya yana ɗokin ranar haihuwa, ban da shi. Ya san ranar da ta yaye na ukun Bube zai aiko a tafi da ita, daga nan kuma ba sauran abin da zai tsaya ya tambaye shi a kasuwa.