Yaya Goge da Saɓar Jatan Lande

Da asuba, tun masu shaguna ba su buɗe ba, Yaya Goge tana tsugune gaban akwatin gilashin da ke shagon ƙanenta, tana haska bayan duwatsu da fitilar waya. Jatan lande biyu ne a ciki, jajaye masu farin zane a gadon baya. Ɗaya na kwance ta gefe yana shure-shure. Tsohon ɓawonsa ya tsage a wuya, rabin jiki ya fito, rabi ya maƙale.

Ba a banza ta sami sunan Goge ba. Tun tana budurwa take shara da goge-goge a ofisoshi, har gwiwoyinta suka yi kanta. Ba ta iya daɗin baki ba. In tana ƙaunarka, za ka dawo ne ka tarar ta wanke maka ɗaki. Haka ta raini autansu bayan rasuwar uwarsu: babu rarrashi, sai wanka da soso har ya yi kuka.

Autan ya girma ya buɗe shagon kifin ado. Kifayen na sayarwa ne, amma jatan landen nan ko tayawa ba ya bari a yi. A ruwan gishiri irin na teku suke zama, kuma tun suna kamar tsinke yake lallaɓa su. Ranar da za a kwantar da shi asibiti a yi masa aiki a ciki, ya miƙa mata makulli ya ce, "Yaya, abinci kaɗan, ki riƙa duba injin iska. Shi ke nan. In dawo in same su."

Shi ke nan ɗin ne ya gagare ta. Ta ga gansakuka a jikin gilashi, duwatsu duk yauƙi. Ta ga wani farin abu kamar gawar jatan lande, ta tsame ta yar, sai kuma ta ga biyun na nan. Ta ce yaron nan har gobe ƙazami ne. Ta kwashe su a bokiti, ta zubar da ruwan kakaf, ta dirje duwatsun da buroshi, ta dama sabon gishiri daga buhunsa, ta mayar da su cikin ruwa garai-garai.

Yanzu ga abin da tsaftar ta jawo. Ta kira autan a waya.

"Auta, ka farka?"

"Masu allura na barin mutum barci ne? Yaya, me ya sami muryarki?"

"Ɗayan ya maƙale a rigarsa."

Ya ce, "Kin taɓa ruwan?"

"Wankewa kawai na yi."

"Duka?"

"To da rabi ake wanka?"

Ya fara dariya, ɗinkin cikinsa ya katse dariyar. "Saɓa suke yi kamar maciji, in lokacinsu ya yi. Sabon ruwa farat ɗaya kan sa su fara tuɓewa tun ɓawon ciki bai ƙosa ba. In kin ga farin abu, tsohuwar rigar ce, a bar musu. Cinye ta suke yi."

Ba ta gaya masa ta riga ta yar da ita ba. Ta ce, "Bari in sa tsinke in zare masa."

"Kada ki taɓa. Jikinsa yanzu kamar jiƙaƙƙiyar takarda yake. Ki kashe fitila ki zauna."

"In zauna in yi me?"

"Ki zauna kawai. Na san wanke bene ya fi miki sauƙi."

Ta zauna kan bokitin da ta kife, hannuwanta tsakanin cinyoyi don kada su yi aikin da ba a sa su ba. Da hantsi shure-shuren ya tsaya. Ta sake kiransa, ba ta yi kwana-kwana ba: "Ya mutu. Ni ce."

"Ɗayan fa?"

"Ya shige ƙarƙashin dutse, ya ƙi abinci."

"To tasa tuɓewar ta zo. Yaya, don Allah kada ki taɓa komai."

Ta daina zuwa gida cin abincin rana. Kullum tana gaban gilashin, tana kallon gansakuka na dawowa kamar da gayya. Wata safiya ta sake ganin farin abu kwance a ƙasa, cikakke har da ƙafafu da gashin baki. Ta ƙura masa ido. Can sai dogon farin gashin bakin jatan landen ya leƙo daga bayan dutse, ya motsa, ya koma.

Ni da ke gyaran takalma a ƙofar shagon, ƙarshen ganina da ita a wurin shi ne ranar da za a sallamo autan. Gilashin ya yi kore, tsohuwar rigar na nan an ci rabinta. Ta matse tsumma, hannunta ya nufi gilashin, ya tsaya. Sai ta durƙusa ta hau goge daɓen da ta riga ta goge.