Ganyen Fita a Aji Huɗu

Wata Laraba ce a daminar 1999, sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ruwa na dukan kwanon ajinmu a Agege ta Legas, jirgin ƙasa ya wuce ya girgiza tagogi, Anti Funke kuma ta tsaya riƙe da takardunmu tana ta juya su. Sabuwar malamar zane ce, Bayarabiya, doguwa, hannunta kullum da alli. Ta ce mu zana akuya, muka zana. Amma duk mu 'ya'yan Hausawa, kowa ya ja layi ya gitta wuyan tasa. Ta dube mu ta ce, "Wa ya yanka awakin nan duka?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ce na yi ƙarfin halin bayani: a gida an gaya mana ba a zana abu mai rai, in kuwa ya zama dole, sai a raba kai da jiki. Ba ta yi mana dariya ba, ta dai gyaɗa kai.

Bakina bai iya shiru ba tun ina ƙarama, don haka da yamma ina wanke kwanuka na zayyana wa Inna labarin, Baba na alwala yana ji. Baba fataucin goro yake yi, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya ce in dai gumaka ake koya mana, to Islamiyya ta ishe ni, zai duba littafina Laraba mai zuwa. Ina son makarantar nan kamar me, har gaɗar da muke yi da 'yan matan Yarabawa a bakin famfo, rabin waƙar Hausa rabi Yarabanci.

Ashe Anti ta riga mu tunani. Ta aiko a ce kowa ya zo da ganye ɗaya daga gidansu. Ni na zari ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi, daga wani huhun goro a zauren Baba. Ranar Laraba ta ajiye gwangwanayen madara biyu a tebur, ɗaya bular wanki, ɗaya gangamau da aka jiƙa. Ta sa muka tauna bakin asuwaki har ya yi laushi, shi ne burushinmu. Sai ta ɗiga shuɗin cikin ruwan ɗorawar nan ta juya. Wallahi a gaban idona ya koma kore. Na ɗauka kore abu ne da Allah ya ajiye a jikin itace kawai, ban san ana iya haɗa shi a murfin kwalba ba. Wani yaro a baya ya ce, "Anti, tsafi ne?"

Ta hana mu taɓa takarda sai da muka daɗe muna kallon ganyen. Abin da take ta faɗa shi ne, "Kar ki zana ganyen da ke kanki, zana wanda ke hannunki." Na duba, na sake dubawa. Ganyen da nake sharewa kullum a tsakar gida ashe ba launi ɗaya ba ne. Tsakiyarsa kore ne mai duhu, jijiyoyinsa sun yi haske, gefensa ya fara ja-ja ya ɗan naɗe. Na yi ta ƙara bula, ina ragewa, har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba.

Bayan la'asar Baba ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya daɗe yana kallon zanen. Can ya sa yatsa a gefen zanen ya ce, "Ramatu, daga wane huhu kika ciro wannan?" Na nuna masa. Ya tashi ya kwance shi, ya tarar ganyen ya fara bushewa, goron na gab da yin taushi. Nan take ya sa aka kawo ɗanyen ganye aka sake naɗi. Ya dawo ya ƙara ɗaukar littafin, ya ce a hankali, "Ikon Allah. Ido aka koya miki." Ban taɓa jin ya ce ya yarda ba. Laraba ta gaba dai, shi da kansa ya zaɓo mini goro biyu, fari da ja, ya ce in je ajin zane in duba su da kyau.

Yanzu 'ya'yana suna da akwatin fenti mai kore iri-iri, an gama haɗa musu tun daga kanti, su cika shafi kafin in juya baya. Baba ya rasu, zauren ya zama shagon cajin waya, Anti kuwa ban san inda rayuwa ta kai ta ba. Na gama firamare, na wuce gaba, duk albarkacin ganye ɗaya. Har yau ban iya wuce itace da sauri ba.