Ranar da Dattawan Zongo Suka Ce Min Na'am

Lasifikar na fara gani da muka iso filin Zongo. An ɗaure ta a jikin mangwaro da igiyar shanu, ƙulli irin na ɗaure maraƙi. A ƙarƙashinta fataken shanu suna zaune kan tabarmi, takalmansu a jere. Babana yana cikinsu.

Zamanin juyin juya hali ne, kowa ana kiransa kamarad, har malaminmu na lekol, wato makarantar boko. Shi ya zaɓe ni in faɗi sanarwar rigakafin shanu da Hausa, don ni kaɗai ce Bahaushiya a ajinmu. Ni kuwa ko sunana aka tambaya sai in kalli ƙasa. Baba ya riga ya ce in lekol ba ta buɗe min baki ba, ƙarshen shekara zan koma garin Godomey in taya gwaggona zaman shago.

A lekol magana iri ɗaya aka koya mana: a dunƙule hannu, a ɗaga murya, a zubo kalmomi ba numfashi. Haka na yi. Na runtse ido na kwararo sanarwar kamar an ɓalle famfo. Da na buɗe ido, wani yana sakace, wani yana korar ƙuda.

Wani dattijo mutumin Nijar, mai gemu ja da lalle, ya ce, "'Yata, wa ya biyo ki? In kura ce, faɗa mana mu ma mu tashi."

Aka bushe da dariya. Baba ya sunkuyar da kai.

Nan na tuna zauren gidanmu. Kullum in na kai musu ruwa nakan laɓe bayan ƙofa ina saurare. Ba wanda yake zubo magana gaba ɗaya. Mai magana zai ajiye guntu, ya dakata, wani ya ce "na'am", sannan ya ɗora. In ba a amsa ba, maganar ba ta shiga ba.

Na sauke hannuna.

"Iyayena, ina wuni?"

Suka amsa a tare, har wanda ke sakace.

"Yaya dabbobi?"

"Alhamdulillahi."

"Likitan dabbobi zai zo ranar Laraba."

Na dakata. Ina jiran wani ya amsa. Malam ya raɗa min, "Ci gaba mana, kamarad!" Ban motsa ba.

"Na'am," in ji mai jan gemu.

"Duk saniyar da ba a yi wa allura ba, ba za ta shiga kasuwa ba."

"To fa!" Wani daga baya ya miƙe. "Har da waɗanda ke kan hanya daga arewa?"

Na tambayi malam da Faransanci, na juyo na amsa wa mai tambayar a hankali, ina kallon idonsa. Ni ce nake kallon idon babban mutum!

Da na gama, malam ya ce ranar Asabar ma ni zan yi sanarwar sharar unguwa. Baba yana neman takalminsa ya ce, yadda na kusa za su ji, "Wannan tawa ce." Sannan ya dube ni: "Gwaggonki ta nemi wata mai tsaron shago."

Na bi dattijon nan mai jan gemu kafin ya fita daga filin, na durƙusa.

"Baba, ranar Asabar don Allah ku zauna nan gaba, ku riƙa ba ni na'am ɗin nan."