Saƙon da Na Jira a Kan Gadar Kanal

A duk shekarun da na yi ina malamin gona a Bunkure, ranar da ba ta fita raina ba ita ce wata Alhamis da rani, lokacin ba a daɗe da ba ofishinmu kwamfutar hannu da ɗan modem na shiga intanet ba.

Tumatirin Malam Ado ne ya yi yaushi, ganye kore shar amma a kwance. Manomin rani kuwa in ya ga yaushi, magani ɗaya ya sani: ruwa. Ranar kuma layin gonakinsu ke da ruwa, bayan azahar za a buɗe ƙofar kanal, wato magudanar ban ruwa. A tsarin wurin, ruwan da ya bi fangalin gonar Malam Ado shi ke gangarawa ƙasa, ga gonaki huɗu a ƙasan tasa. Ni ina zargin cuta ce mai bin ruwa.

"Malam, ƙishirwa ce kawai," in ji shi. "Tun kana goye nake noman tumatir."

Ban isa in rantse ba. Na ɗauki hotuna, na ce zan tura wa wani likitan tsirrai a Zariya. Sai dai duk yankin, wuri ɗaya sabis ke kamawa: kan gadar babban kanal. Can na hau babur na tafi, na ɗora kwamfuta a cinya, rana na dukan ƙeyata. Sau uku hoton na kaiwa rabi yana yankewa. Raina ya ɓaci, amma na ce ko batir zai mutu ba zan tashi ba. A na huɗu ya tafi, na kira likitan na roƙe shi ya duba.

Ana kiran azahar amsa ta shigo: a yanki karan, a tsoma cikin kofin gilashi mai ruwa. In wani farin abu ya zubo kamar zare, cuta ce.

Na koma gonar, a gaban Malam Ado na tsoma. Zaren ya sauko. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ɗauki fartanya ya toshe hanyar ruwansa da kansa.

"Tawa ta tafi," ya ce. "Kada ta ci ta maƙwabta."

Gonaki huɗun nan sun tsira. Ku da kuke da sabis a aljihu yanzu, ku riƙe wannan: intanet ta kawo amsa, amma manomi bai yarda da allo ba sai da ya gani a kofi.